Kwana 6 a kwazazzaban Ennedi da wayar da na rasa a ruwan Arshe

Wata biyu ke nan da dawowata daga Ennedi, amma har yau duk lokacin da na buɗe littafin da na tafi da shi na ga shafi huɗu kawai na cika, sai raina ya sosu. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Njamena, kuma na daɗe ina zana wa yara duwatsu a allo ba tare da na taɓa ɗora hannuna a kansu ba. Saboda haka da na ji wani masanin duwatsu zai jagoranci ƙaramin ayari zuwa arewa maso gabashin Chadi, sai na kwashe abin da na tara na bi su. Hanyar Abeshe, Biltin da Kalayit har zuwa yankin Fada ba ta ba mu matsala ba, don haka ba zan tsaya a kanta ba.

Tun ranar farko masanin ya raba mana littafi da fensir, ya ce mini, “Malam, abin da ba ka zana da hannunka ba, ba ka gama ganinsa ba.” Na karɓa don girmamawa na jefa a jaka, domin ina da waya mai kyau da na'urar ajiye caji, kuma a ganina hoto ya fi zanena gaskiya. Kwana huɗu cur ina ɗaukar hotuna, ina naɗar muryarsa idan yana bayani, ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Bayanin kuwa ya cancanci a rubuta. Waɗannan katangu jajaye dutsen yashi ne da ya haura shekara miliyan 300, yana zaune a kan wani dutse mai tauri da ya girme shi ƙwarai. Idan ka goga yatsa sai ka ji ƙwayoyin rairayi suna zubowa, jan launin kuma tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne siraran layuka da ke karkace a cikin kowace shimfiɗa: ya nuna mana cewa karkatarsu tana faɗin inda ruwan da ya tara yashin ya fuskanta. Ni da na tashi a bakin kogin Shari ina ganin irin wannan tsari a tsibiran yashi idan ruwa ya janye, ban taɓa zaton zan same shi daskare a tsakiyar hamada ba. Ya kuma gyara mini kuskuren da na sha koyarwa, cewa iska ce ta sassaƙa komai a Sahara. Ruwa ne ya bi tsagogin dutse ya haƙa kwazazzabai, iska ta zo ta goge abin da ya bari. Duk wannan yana cikin wayar.

A rana ta biyar muka shiga Arshe, tafkin da ke tsakanin katangu biyu masu tsayi, inda makiyaya ke shayar da ɗaruruwan raƙuma. Dutsen yashi yana riƙe ruwa kamar soso, yana tsiyayo shi a hankali, inuwar katangun kuma tana hana shi ƙafewa. A can ne ragowar kadoji 'yan ƙalilan suke, shaidar zamanin da Sahara take da koguna da ciyawa kafin ta bushe kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Ruwan baƙi ne saboda kashin raƙuma, ba a ganin ƙasansa, kuma dole mu ratsa shi da ƙafa. Dattijon da ke nuna mana hanya, mutumin yankin, ya miƙo hannu ya ce, “Ɗana, kawo wannan abin in sa maka a jakata.” Na ce, “Baba, bari in ɗauki katangar daga tsakiyar ruwa tukuna.” Ban yi taku goma ba santsi ya kwashe ni, wayar ta kuɓuce daga hannuna.

Mun lalubo ta, amma ta riga ta mutu. Tun da muka bar gari babu sabis, saboda haka babu hoto ko ɗaya da ya hau intanet, kuma komai a cikin wayar yake, ban sa katin ajiya ba. Mai gyara a Njamena ya yi mako guda a kanta ya mayar mini da ita. Kuɗin wayar bai dame ni kamar muryar masanin ba, da hotunan zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin duwatsu, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya Ennedi a jerin wuraren tarihi na duniya a 2016.

Duk wanda zai yi wannan tafiya, ina roƙonsa ya ɗaure wayarsa a leda kafin ya kusanci ruwa, ya sa katin ajiya, ya kuma saurari ɗan gari tun a maganar farko. Ya yi rubutu da fensir, domin tawadar biro tana narkewa idan takarda ta jiƙe, kuma kowane dare ya rubuta abin da ya gani kafin barci ya ɗauke shi.

Washegari a gindin Aloba, bakan dutsen nan mai tsayin kusan mita 120, na zauna awa uku ina zane, ina ƙirga shimfiɗu, ina tambayar masanin yana gyara mini. A nan na lura da tsagar da ta bi ƙafar bakan daga sama har ƙasa, wadda da waya ce a hannuna da ban tsaya na gan ta ba. Shafukan nan huɗu su ne na koyar da 'yan ajina da su a makon jiya, kuma da suka tambaye ni yadda katangar Arshe take, sai na tarar ba zan iya zana musu ita daidai ba.