Ranar da zomanyarmu ta daina cin abinci

Tsintsiya ce ta fara gaya mini, ni ce ban saurara ba. Kullum bayan sallar asuba nakan share ƙarƙashin akurkin zomanyarmu, in kwashe kashinta, ƙwayoyi mulmulallu masu yawa, in zuba wa zogalen bayan ɗaki. Ranar nan ta watan Afrilu sai na iske ƴan ƙwayoyin da ba su kai goma ba, ƙanana, baƙaƙe, sun bushe ƙayau. Na share na wuce, don ga yara ana shirin makaranta. Wucewar nan tana damuna har yau.

Toka muke ce mata saboda launinta. Ƙanena ne ya kawo wa autana ita daga Dosso tana ƴar mitsitsiya, ta yi shekara biyu a gidanmu nan Bukoki. Ba don tukunya muke kiwonta ba. Yaron nan da ita yake hira, in ya kaɗa kwano ta taho da gudu ta ɗora ƙafafun gaba a kan gwiwarsa.

Duk wanda ya san Yamai a Afrilu ya san rana takan wuce digiri 40, ga shi akurkin rufin kwano ne. Da yaron ya dawo da azahar ya kaɗa kwano, shiru. Ya shigo ɗaki idonsa cike da hawaye.

“Inna, Toka ta ƙi zuwa.”

Na same ta a lungu ta dunƙule, ido rabi a rufe, numfashi sama-sama. Kunnuwanta zafi zau. Da na kara kunnena sai na ji tana cizon haƙora, ƙaras ƙaras. Na miƙa mata karas, abin da take fizgewa daga hannu, ko shinshinawa ba ta yi ba.

Maƙwabciyata, dattijuwa ce mai kiwon awaki, ta leƙo ta ce, “Ƴar nan, ki samo kafso wurin mai tallan magani ki jiƙa mata, haka nake yi wa bisashena.” Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na aiki yaro ya sayo amoksisilin, har na ɓare ɗaya a cokali. Allah ya sa na kira maigida a shagonsa na kasuwar Katako, ya ce kar in ba ta kome, in sa ta a kwali in kai ta wurin likitan dabbobi. Na huda kwalin, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, muka tare taksi.

Likitan ya ɗauki lokaci yana latsa cikinta a hankali, ya kara abin saurare, ya leƙa bakinta da ƴar fitila. Ya auna zafin jikinta ya ce ya ɗan haura 40, alhali na lafiyayyen zomo tsakanin 38 da rabi ne zuwa 40. Sannan ya juyo.

“Hajiya, yaushe rabonta da kashi?”

Na ce tun asuba na ga ya ragu. Ya ce hanjinta ne ya tsaya. Cikin zomo ba ya hutawa, dole ciyawa ta riƙa bi ta ciki dare da rana, kuma ba ya iya amai, don haka abin da ya shiga ba shi da hanya sai gaba. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, a ranar ake kawo shi, ba a jiran gobe. Ya ce kuma dabba ce da kowa ke farauta a daji, ta saba ɓoye ciwo, sai abin ya ci ƙarfinta ake gani. Da na nuna masa kafson, sai ya karɓe shi ya ajiye gefe. Ya ce amoksisilin da danginsa, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙananan halittu masu amfani da ke narka masa ciyawa a hanji, sai gudawa ta biyo, sau da yawa ta tafi da shi. Jikina ya yi sanyi, na tuna cokalin da na bari a kan tabarma.

Da ya tambayi abin da take ci, a nan na gane inda muka kauce. Bazara ta sa harawa tsada, sai muka rage ta muka ƙara dusa, da ragowar burodi, wani lokaci har ƙanzon tuwo. Mu a ganinmu gata ne. Ga zafi ya hana ta cin ɗan abin da ya rage, ruwan kwanonta kuma kafin hantsi ya zama kamar na shayi. Zomo ba ya gumi irin namu, ta kunnuwa yake fitar da zafi.

Ya yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fatar wuya, da allurar rage ciwo. Ya tabbatar mini cikin bai kumbura ya yi tauri ba, shi ya sa ya yarda in ɗura mata abinci. Da toshewa ce, ɗurin ƙara mata wahala zai yi. Ya ba ni sirinji marar allura.

Daren nan ban runtsa ba. Na daka busasshiyar harawa a turmi, na tankaɗe da rariya, na dama da ruwan randa ya yi kamar kunu. Sai in naɗe ta da tsohon zane, ƙafafunta a ƙasa, don an gargaɗe ni kar in kwantar da ita rigingine ta shaƙe. A gefen bakin zomo, bayan dogayen haƙoran gaba, akwai ɗan gurbi da ba haƙori. Nan nake zura bakin sirinjin in matsa kaɗan, in jira. Da farko sai ta bar shi ya zubo ta haɓa, ya jiƙa gashin ƙirjinta ya yi kore. Wajen ƙarfe biyu na dare na ga ɗan bakin ya motsa, ta tauna ta haɗiye. Wuta ta ɗauke, yaron ya riƙa haska mini da waya yana yi mata fifita da mafici, ni kuma ina shafa mata ruwan randa a kunnuwa. Ba ruwan ƙanƙara ba, likita ya hana, ya ce sanyi farat ɗaya yana iya kayar da ita.

Sai la'asar ta washegari muka ga ƙwayoyi huɗu a kan tabarma, ƙanana, karkatattu. Yaron ya kwashe su a tafin hannu ya kai wa babansa har bakin ƙofa. A kwana na uku ta ja ganyen karas da kanta.

Mun ɗauke akurkin daga jikin katanga zuwa ƙarƙashin bedi, muka ɗora zana a kan kwanon rufin. Na binne fasasshen tulu rabi a ƙasa nake yayyafa masa ruwa, a ciki take wuni lokacin zafi. Harawar wake da ta gyaɗa ba ta yankewa a gabanta ko nawa ƙullin ya kai, wani lokaci maigida ya biyo ta bakin kogi ya sayo ciyawar burgu. Ciyawar ce kuma ke rage mata haƙora, don na zomo ba su daina tsiro. Dusa ta koma ɗan cokali, burodi kuwa an daina. Ruwa sau uku nake sauyawa.

Maƙwabciyata ta zo duba ta da ganyen salati a hannu, na gaya mata abin da likita ya ce game da kafson, ta riƙe baki ta ce za ta faɗa wa jikanta mai zomaye a Yantala. Yaron kuma ya karɓe sharar asuba daga hannuna. Kafin ya ɗauki tsintsiya sai ya tsuguna ya duba ƙarƙashin akurki, sannan ya ɗaga murya: “Inna, yau da yawa!”