Tafiyata Kambirij, Wurin Masu Kwafar DNA a Kwalba

Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Kambirij bai cika awa guda ba. Na sauka ana yayyafi, kekuna sun cika titi. Abokan tafiyata suka yi wajen mashayar Eagle, inda ake cewa masanin kimiyya Francis Crick ya yi shelar gano sirrin rayuwa, wato tsarin DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a 1953. Ni na bar su da ɗaukar hoto, na nufi wani ɗakin gwaji, domin a ganina aikin da ya biyo baya ya fi armashi.

A garin nan ne, a 1997, Torsten Krude da Ron Laskey da abokan aikinsu suka nuna cewa cibiyar ƙwayar halittar ɗan Adam, ko an ciro ta an zuba a kwalba, tana iya fara kwafar DNA ɗinta. Kafin nan ƙwan kwaɗo aka fi dogara da shi.

Wata ɗaliba mai neman digiri na uku ce ta yi mini jagora. "Malam, ƙara rufe wuyanka," in ji ta, ta tura ƙofar ɗakin sanyi, digiri 4. Nan ta jiƙa ƙwayoyin HeLa, jikokin waɗanda aka ɗauka daga jikin wata Ba'amurkiya mai ciwon daji, Henrietta Lacks, a 1951 ba da saninta ba, cikin ruwa marar gishiri sosai har suka kumbura. Ta murje su a hankali da tabaryar gilashi, fata ta fashe, cibiya ta fita lafiya lau.

Tun kafin zuwana da kwana guda aka tsayar da ƙwayoyin daf da fara kwafa da sinadarin mimosin. Wannan ya ba ni dariya, domin shi ne na ganyen bishiyar lusina da ke zubar wa dabba gashi idan ta ci ya yi yawa.

Cibiya ita kaɗai ba ta motsi. Sai da aka zuba mata ruwan cikin ƙwayoyi masu rarrabuwa, da tubalan DNA masu alama, aka bar ta awa uku a digiri 37. Da yamma na leƙa madubin ƙara girma: wasu cibiyoyin sun yi ɗigo-ɗigon haske, wuraren da kwafa ta kankama, wasu shiru.

Amfanin dabarar shi ne ka cire abu ɗaya daga ruwan ka ga ko aiki zai tsaya. Ta haka aka gano a 2006 cewa in babu wasu ƙananan RNA (sinadarai 'yan'uwan DNA) da ake kira Y, kwafar ba ta tashi a kwalba.