Gwadon Kakata a Karofin Zariya

Shekara 11 gwadon ya yi a ƙasan akwatin mahaifiyata. Kakata ce ta kaɗa zarensa da mazarinta, ta kai wa masaƙin ƙauyensu, aka saƙo mata shi fari ƙal. Ta yi niyyar a rina shi, rai ya yi halinsa. Da kakar bana Inna ta fito da shi, ta kakkaɓe, ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ka kai wa kawunka Zariya. Amma ka ji da kyau, da ganyen baba nake so a rina shi, ban da galura."

Ranar Asabar da sassafe na shiga mota a Kawo. Tsakanin Kaduna da Zariya kusan kilomita 80 ne, hanya ce da na sha bi, sai dai ban taɓa bin ta ina rungume da kaya kamar mai jego ba. Muka wuce Rigachikun da Mararrabar Jos da Jaji, dawa ta yi kai a gonaki, hazo ya fara sauka. Na sauka a Ɗan Magaji, ga dutsen Kufena can ya yi dishi-dishi, na hau keke zuwa Ƙofar Doka.

Kawu maɗinkin manyan riguna ne, a zaure yake wuni da allura. Na same shi yana kan aska takwas a ƙirjin wata farar shadda. Bayan mun gaisa, ya warware gwadon, ya murza bakinsa tsakanin yatsu, ya yi shiru. Zaren mahaifiyarsa ne. Can ya ce, "Ɗana, ka zo da aiki. Da muna yara, in ka bi ta bakin karofi wari kaɗai ya ishe ka sanin inda kake. Yanzu sai mun yi cigiya."

Cigiyar kuwa mun yi ta. Wuri na farko da aka kwatanta mana, wani matashi muka tarar da rabin duro a kan wuta, ga ƙullin galura da soda a leda. Ya ce kafin la'asar zan karɓi kayana, kuma kowane launi nake so akwai. Ban ga laifinsa ba, neman halalinsa yake yi, kuma bai ɓoye mana abin da ke cikin duron ba. Shi ne ma ya yi mana kwatancen wani dattijo a bayan ganuwa. A hanya Kawu ya nuna mini wani fili da zan rantse juji ne. Da na duba da kyau sai na ga bakunan ramuka a jere, zagaye-zagaye, fiye da 20, duk an cike su da leda da toka, awaki na hawa suna sauka. Wannan fili ya tsaya mini a rai har yanzu.

Dattijon ramuka 3 ke gare shi masu rai. Mun tarar da shi a tsugune a bakin ɗaya, ya ɗage murfin kaba, yana juya ruwan da wata doguwar muciya. Hannunsa har gwiwar hannu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, faratansa kamar an shafa musu tawada. Duk rayuwata ina jin ana cewa "masu hannu da shuni" in ana nufin attajirai, sai ranar na ga hannun da idona, a jikin mutumin da takalminsa ɗaya a ɗinke yake da waya.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, rini na kawo." Ya ce, "Sannu da zuwa, yaro. Kana sauri?" Na ce a'a. Ya ce to madalla, don karofi ba ya tafiya da mai sauri.

Na wuni a wurinsa, kuma abin da na koya ya fi abin da na zo nema. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi nesa ba kusa ba, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Lason ma daga karofin yake fitowa: in ruwan rini ya mutu, sai a kwashe laka da ta kwanta a ƙasa, a cura, a shanya, a ƙona, shi ne katsi. A haɗa katsi da gashin dabba daga majema da ruwan dafara mai yauƙi, ya zama siminti irin namu, wanda magina ma ke shafe soraye da shi. Ganyen baba kuma ana yanko shi ne wajen ƙarshen damina, a tara shi ya ruɓa, a shanya ya bushe. In za a kafa sabon ruwa, sai a zuba baba da toka da katsi, a rufe, a bar shi wajen mako guda, sannan a shiga juyawa safe da yamma har kumfa mai ƙyalli ta taso. In sanyin hunturu ya kankama, ya ce, ruwan kan yi nauyin tashi. Da hanci da ido yake gane ya nuna, wani lokaci har ya ɗan taɓa a harshe.

Ya jiƙa gwadon da ruwa zalla tukuna, ya matse, sannan ya zura shi cikin ramin a hankali ba tare da fantsama ba, yana murza shi a ƙarƙashin ruwa. Da ya ɗago shi gabana ya faɗi. Kore ne, kore mai ɗorawa-ɗorawa kamar ruwan kududdufi. Na dubi Kawu, Kawu ya ce in zuba ido. Dattijo ya baza shi a iska. Ina kallo, daga gefe-gefe koren ya fara juyewa, ya yi ruwan toka, ya yi shuɗi, kafin in ƙirga ɗari duk gwadon ya zama sararin sama. Na yi kabbara a fili.

Dalilin abin ba sihiri ba ne, ko da yake ya cancanci mamaki. Launin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a ramin, tare da kaifin toka, su ke sauya shi ya narke ya shiga cikin zare. Da ya sha iska sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki, wanki ba ya fid da shi. Shi ya sa ake tsomawa a shanya, a sake tsomawa, kowane zagaye na ƙara duhu. Namu sau 6 ya sha ranar, dattijo ya ce da saura, in dai irin na tsofaffi Inna ke so, wanda ya kusa baƙi.

Muna jiran shanya na tambaye shi abin da ya kashe sauran ramukan. Na zaci zai ce galura, don tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, daga baya atamfa ta cika kasuwa, masaƙar Kaduna ma ta buɗe a 1957. Bai musa ba, amma ya ce abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne rashin ganyen baban. Da, manomi kan bar wa baba gefen gona, masaƙi na jiran makaɗiya, marini na jiran masaƙi, mabugi na jiran marini. Yanzu sai ya aika nesa kafin ya sami buhu guda, kuma 'ya'yansa duk sun kama wata sana'a. Na yarda da shi. Ana yawan kai baƙi karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, a ɗauki hoto a tafi. Hoto ba ya shuka baba. Ga jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru tun 1962, tana da sashen da ake koyar da zanen tufafi da rini, ga cibiyar binciken aikin gona a gefenta, ga wannan dattijo a tazarar da ba ta kai tafiyar awa guda ba. Ina fata da gaske ɗalibai su riƙa zuwa su tsuguna inda na tsuguna, tun yana da ƙarfin riƙe muciya.

Da yamma Kawu ya bi da ni ta kasuwar cikin birni, wurin masu kayan dukanci, don in ga cewa ba shuɗi kaɗai ƙasarmu ke bayarwa ba. Wata tsohuwa ta ɗebo mini karan dafi, ɓawon karan wata irin dawa, ja wur, wanda in aka jiƙa shi da kanwa yake ba da jan da ake rina fatar akuya. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ga gangamau da saiwar rawaya don ruwan ɗorawa. Ga bagaruwa ta jimar fata, wadda in ta haɗu da ruwan tsatsar ƙarfe take komawa baƙi ƙirin. Na sayi ɗan kaɗan na kowanne, tsohuwar ta ƙara mini gyara. Muka yi magariba a babban masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim.

Kwana 2 na ƙara. Ranar Litinin da hantsi muka koma, gwado ya yi duhu sosai, an ɗauraye shi, yana rataye a igiya yana ɗiga. Dattijo ya ce in ina son ƙyalli irin na rawanin ɗan Kura sai an kai wa mabuga su buga shi da shuni a kan gungume, amma ga abin rufa na tsohuwa gara a bar shi haka, kada ya riƙa zuba a jiki. Kuɗin da ya faɗa ya yi kaɗan har na ji kunya, na ninka, ya ƙi, sai da Kawu ya sa baki.

Za mu tafi ya shiga rumfarsa ya fito da wani ƙullin takarda. Irin baba ne, 'yan ƙanana kamar gero. Ya miƙa wa Kawu, don ya ji a hira cewa yana da gona a hanyar Giwa, ya ce, "Malam, kunya 5 kawai nake roƙo a gefen masara. In ruwa ya zauna ka watsa, ni zan zo in yanka." Kawu ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun gaba, ya ce in Allah ya kai mu. Ni kuma aka ba ni aikin kawo kuɗin noma a watan Yuni.