Ɗakin Hajiya a Bayan Tsohon Gida: Yadda Na Nemi Izinin Gini a Unguwar Tarihi a Amurka

Gidan da muke ciki, a wani ƙaramin birni da ke gabashin Amurka, an gina shi ne da jan bulo a ƙarshen ƙarni na 19. Ranar da muka saye shi, cikin tulin takardun da aka ajiye a gabana akwai wadda ta ce gidan yana cikin yankin da hukumar birni ta ayyana a matsayin unguwar tarihi, na kuwa sa hannu ban tambayi ma'anarta ba, domin hankalina duka yana kan bashin banki. Sai da muka yi shekara uku a gidan maganar ta taso, lokacin da muka yanke shawarar ɗauko mahaifiyata daga Zariya ta zauna tare da mu. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ɗakunan kwana kuwa duk a sama suke, matakalar kuma siririya ce mai miƙewa irin ta gidajen wancan zamani. Ba makawa sai an ƙara mata ɗaki a ƙasa, da banɗaki a ciki, inda za ta yi alwala ba hawa ba sauka.

Kuskurena na farko bai ma shafi ɗakin ba. Tun da hunturu yana tafe, na ga ya dace in fara sauya tagogin gaban gida, waɗanda iska ke shigowa ta gefensu, sai na sayi sababbi guda shida na roba, na kira ma'aikaci. Ya cire biyu ranar Talata, ranar Alhamis na dawo daga aiki na tarar da takarda manne a ƙofa, tana umurtar a dakatar da aiki nan take, da gargaɗin tara idan aka ci gaba. Allah ya taimake ni maiɗakina ta hana a zubar da tsofaffin tagogin. Ta ce, "Baban Amira, a jingine su a bayan gida tukuna, katakon nan bai yi kama da abin yarwa ba." Wannan maganar tata ce ta rage mini asara, domin da an kai su juji, da sai na biya kafinta ya ƙera irinsu sak daga farko.

Washegari na je ofishin tsare-tsaren birni da fushi a raina, ina ganin gidana ne, da gumina nake biyansa. Ma'aikaciyar da ke kula da unguwannin tarihi ta zaunar da ni, ta fara da raba mini abubuwa biyu da na haɗa a kaina. Akwai kundin wuraren tarihi na ƙasa, wanda dokar tarayya ta 1966 ta kafa, kuma shigar gida cikinsa karramawa ce, ba ta hana mai gida yin abin da ya ga dama da kuɗinsa. Abin da ke da haƙori shi ne dokar birni. Idan majalisar birni ta shata unguwa, to duk wani sauyi a jikin gida ta waje sai an nemi takardar shaidar dacewa daga kwamitin adana tarihi, kuma sai da ita ofishin gine-gine zai ba da izinin gini na yau da kullum. Cikin gida ba ruwansu da shi a birninmu: in na so in rushe bangon kicin ko in shafa wa falo kowane irin fenti, wannan tsakanina ne da iyalina da dokar lafiyar gini. Idonsu yana kan abin da mai wucewa a titi zai gani, da kuma tsohon kayan da aka gina gidan da shi.

Da na koma gida na karanta asalin abin, sai fushin ya fara sauka. Birnin Charleston a jihar Carolina ta Kudu shi ya fara kafa irin wannan unguwa a 1931, a lokacin da ake rushe tsofaffin gidaje ana gina gidajen mai a gurbinsu. A New York sai da aka fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, mutane suka ga abin da suka rasa, sannan birnin ya yi dokarsa a 1965. Kamfanin da ya mallaki tashar Grand Central ya so ya ɗora dogon bene a kanta, aka hana shi, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1978 kotun ta ce birni yana da ikon hanawa. Wanda ya taso yana ganin yadda ake cin ganuwar garinsu da gine-gine kaɗan-kaɗan, yau a yanki nan gobe a yanki can, ba zai kasa gane abin da mutanen nan suke tsoro ba. Unguwa ba ta lalacewa a rana ɗaya. Wannan ya sauya taga, wancan ya rushe baranda, kowa da hujjarsa mai kyau, bayan shekara ashirin a nemi tsohuwar unguwar a rasa.

Maganar tagogi ba ta kai gaban kwamiti ba, domin ƙananan ayyuka ma'aikatan ofis ne ke amincewa da su. Sharaɗin shi ne a mayar da biyun da aka cire, a gyara duka shidan. Kwamitinmu, kamar sauran da dama a ƙasar, yana aiki ne da ƙa'idoji goma na Ma'aikatar Cikin Gida ta tarayya, ta shida a cikinsu kuwa ta ce abin da ya tsufa a gyara shi, kada a sauya shi sai in ya lalace ƙwarai, in ma an sauya a yi shi daidai da na da. Kafintan da na samu dattijo ne da ya ƙware a wannan aiki. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin firam ɗin tagar, wadda ban taɓa sanin tana nan ba, ya zaro wani dogon ƙarfe mai nauyi da igiyarsa ta tsinke tun ban san yaushe ba. Ya ɗaura sabuwar igiya, ya ratsa ta kan 'yar ƙaramar gargare da ke sama, sai ga tagar da nake kokawa da ita da hannu biyu tana tashi da yatsa ɗaya. Ya kankare wani gefe ya nuna mini layukan katakon, a matse kamar haƙoran mataji, ya ce itacen tsohon daji ne da ya girma a hankali, shi ya sa ya shekara fiye da ɗari bai ruɓe ba. Iskar da ke damunmu kuwa, ya toshe ta da siririn ƙarfe a gefuna, ya ƙara gilashi na biyu ta ciki. Abu ɗaya da ya tsaya a kai shi ne fenti. An hana fentin da ke da dalma a gidajen Amurka a 1978, saboda haka duk gidan da ya girmi wannan shekara ana ɗauka akwai ta a jikinsa. Ya sa muka kwashe yara daga gidan kwana uku, ya rufe ɗakin da leda. Ban yi masa gardama ba, domin ban manta da yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba.

Ɗakin Hajiya shi ne babban aiki, shi ne kuma ya kai ni gaban kwamiti. Suna zama sau ɗaya a wata, da yamma, a zauren majalisar birni, kuma ba ma'aikatan gwamnati ba ne: mazauna gari ne da aka naɗa, akwai mai zanen gine-gine, da malamar tarihi, da dillalin gidaje, da wasu daga cikin unguwar. Kafin ranar sai da na kai hotunan gidan ta kowace fuska, da taswirar fili, da zanen ginin, da samfurin kayan da za a yi aiki da su, aka kuma kafa allo a gaban gidana, aka aika wa maƙwabta wasiƙa don mai magana ya zo ya yi.

Zanen da na kai da farko ina alfahari da shi. Na sa an zana ɗakin a gefen gida, a jere da fuskar gaba, da bulo mai launi ɗaya da tsohon, da tagogi iri ɗaya, yadda ba wanda zai gane inda tsoho ya ƙare sabo ya fara. A tunanina wannan shi ne girmama tarihi. Mai zanen gine-ginen da ke cikin kwamitin ya ce abin da ake gudu ke nan. Ƙa'ida ta tara tana son sabon gini ya dace da tsohon a girma da tsayi da fasali, amma a iya bambanta su, don kada a yaudari wanda zai zo nan gaba ya ɗauka haka aka gina gidan tun asali. Ta goma kuma tana son a yi ƙarin ta yadda in an cire shi wata rana, tsohon gidan zai tsaya da siffarsa. Zanena kuwa zai rushe bangon gefe gaba ɗaya, ya kuma cike ratar da ke tsakanin gidana da na maƙwabciyata, alhali wannan ratar, da ke maimaituwa daga gida zuwa gida har ƙarshen layi, tana cikin abin da ya ba titin kamanninsa. Maƙwabciyar, wata tsohuwa mai lambun fure, ta tashi ta ce ba ta ƙin a yi wa uwa ɗaki, ita ma uwa ce, amma bangon zai tare mata hasken safe. Ba su ƙi buƙatata ba, sun ɗage ta zuwa wata na gaba.

Na fito raina a ɓace, domin an riga an sa ranar tahowar Hajiya. Abin da ya buɗe mini hanya shawarar malamar tarihin ce, wadda ta ce in je ɗakin karatu na gari in duba taswirorin Sanborn. Kamfanin Sanborn ya zana su ne tun ƙarni na 19 domin masu inshorar gobara, gida-gida, da launi mai nuna abin da aka yi gini da shi: ja-ja na bulo, rawaya na katako. Na sami layinmu, na sami gidanmu da launin bulo, sai ga wani ɗan murabba'i rawaya manne a bayansa. Ashe a da akwai ɗakin girki na katako mai hawa ɗaya a bayan gidan, wanda aka rushe tun kafin a haife ni. Na koma na duba bangon baya da kyau, na ga tabon tsohon rufin a jikin bulo, layi a karkace, da wata ƙofa da aka toshe wadda bulonta ya ɗan sha bamban da sauran. Shekara uku ina wuce wannan bango ban lura ba.

Zane na biyu a kan wannan gurbin muka ɗora shi. Ɗakin ya koma baya, hawa ɗaya, rufinsa ƙasa da indararon babban gida, an jawo bangonsa ciki da ƙafa ɗaya daga kowace kusurwa don kusurwoyin tsohon gini su fito, an lulluɓe shi da katako maimakon bulo. Hanyar shiga ita ce waccan ƙofar da aka toshe, saboda haka ba a fasa sabon rami a bango ba. Kafin zaman na kai wa maƙwabciyata zanen har gida, muka tsaya a lambunta muka auna inda inuwa za ta faɗi. Wannan ya kamata in yi tun farko, kamar yadda a gida ba a ta da katanga sai an yi wa maƙwabci sallama. A zama na biyu ba a yi minti ashirin ba aka amince, da sharaɗi guda: duk inda za a taɓa tsohon bulo, kada a sa siminti.

Wannan sharaɗi na fi kowa gane shi a zauren. Tsohon bulo yana da taushi, da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaura shi, wanda ke barin danshi ya fita. In aka cusa siminti a tsakani, simintin ya fi bulon ƙarfi, ruwa ya rasa mafita sai ta cikin bulon, sanyi ya zo ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa tana zubowa. Gidan kakana a cikin birnin Zariya haka ya yi. Na tubali ne, ana yi masa yaɓe da makuba, sai wata shekara aka ce a yi masa filastar siminti a huta da yaɓe. Damina kaɗan aka yi, filastar ta kumbura ta rabu da bango, da aka ɓamɓare ta aka tarar ƙasar ciki ta jiƙe ta zama garin banza. Da na ba da wannan labari a zauren, maginin da ke zaune a bayana ya gyaɗa kai, daga baya shi na ɗauka aikin.

Duk da haka ba zan ce tsarin ba shi da nauyi ba. Jinkirin ya ci mana kusan wata uku, Hajiya ta iso ɗaki bai ƙare ba, ta yi makonni tana kwana a falo bayan labule, abin da har yau yake damuna. Gyaran tsofaffin tagogi ya fi sayen na roba tsada, biyu daga cikin na robar kuma shago ya ƙi karɓa tun da an riga an kafa su. Rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 da gwamnatin tarayya ke bayarwa na gine-ginen da ke kawo kuɗin shiga ne, bai shafi gidan da mutum yake zaune a ciki ba, sai dai wasu jihohi, irin su Maryland, suna da nasu na masu gida. Ni ina da albashi, na iya ɗaukar mai zane. A layinmu akwai tsofaffi masu cin fansho da rufinsu ke yoyo, kuma a ganina birnin da ya ɗora wa mutum nauyin adana tarihin kowa, wajibi ne ya kama masa da wani abu, ko bashi mai sauƙi ko tallafi. Na faɗi haka a wani zaman da aka buɗe wa jama'a, kuma zan sake faɗa.

Hajiya ta tare a ɗakinta ana saura kwana kaɗan azumi. Tagarta tana duban gabas, sai ta sa aka shimfiɗa mata darduma a gefenta. Da ta ga tabon tsohon rufin, wanda muka bari a fili a bangon bulon da ya zama bangon ɗakinta, ta tambayi ko mene ne, na ce mata nan ne madafin mutanen da suka gina gidan. Ta shafa bulon da tafin hannunta ta ce, "Allah sarki, ashe a murhun wata nake kwana." Barandar gaba ce ta rage, ginshiƙanta biyu sun fara ruɓewa daga ƙasa. Na riga na ɗauki hotunansu na kai ofis, ban sayi ko ƙusa ɗaya ba tukuna, ina jiran ranar da ma'aikaciyar za ta zo ta duba su tare da kafinta.