Jini da riga yake gane maƙiyinsa

A bazarar 2015, lokacin da sankarau ya sauka a Yamai har aka rufe makarantu na ƴan kwanaki, goggota ta tare ni a zaure ko takalmi ban cire ba. Ɗan maƙwabciyarta aka kwantar, yaro ɗan shekara tara, wuya ya sandare, ko haske ba ya son gani. Ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne ka dame mu da a fito a yi allurar sankarau ba? To yaron nan an yi masa. Katinsa na nan ƙarƙashin katifar uwarsa."

Na san amsar, tunda garkuwar jiki ita ce karatuna kuma ita ce aikina. Amma da Faransanci na san ta. Na buɗe baki na rasa ta inda zan kamo ta da Hausa, sai na ce, "Goggo, bari in zauna tukun."

Ƙwayar da ke kawo sankarau tana yawo ne cikin riga, wani rufi na sukari da ke lulluɓe ta. Rigunan iri-iri ne, an raba musu haruffa: A, B, C, W, X, Y. Makaman da jini ke ƙerawa, waɗanda muke kira antikor a ɗakin gwaji, rigar suke ganewa. Wanda aka ƙera don rigar A, in mai rigar C ta gifta ta gabansa, ko kallonta ba ya yi. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, ga ƴan shekara 1 zuwa 29, ta rigar A ce kaɗai. Kuma ta yi aikinta, don A ɗin da ta addabi yankin Sahel shekara da shekaru, wadda a annobar 1996 mutane wajen 25,000 suka rasu a Afirka, ta yi ɓatan dabo. Wadda ta zo mana a 2015 mai rigar C ce, ta kama mutum sama da 8,000 a ƙasar nan, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya.

Goggo ta saurara har na dasa aya, sannan ta ce, "To me ya hana ku faɗa mana tun farko?" Wannan tambayar har yau tana ci mini rai. Gaskiyarta. Mun ce "allurar sankarau" don ya fi sauƙin faɗa, muka bar uwa da tunanin ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Da ta san akwai saura, da zazzaɓin ya fara ba za ta kwana biyu tana jiran ya sauka ba.

A ɗakin gwaji ma na taɓa cin karo da irin wannan ruɗin, ta wata fuskar. Farkon zuwana, babu abin da ke faranta mini rai kamar farantin ELISA. Ɗan faranti ne mai ramuka 96, ka ɗiga ruwan jini a kowane rami, ruwan nan mai kalar kara da ke tasowa sama bayan injin ya wulwula kwalbar. Ka wanke, ka sake ɗigawa, ka jira, daga ƙarshe ramukan su rine ruwan ɗorawa. Mai launi sosai, antikor da yawa ke nan. Ni kuwa ina ganin launi ya yi kauri sai in rubuta cewa mutumin ya samu kariya. Wata rana malamata ta karanta takardar, ta tura mini ita ta ce, "Ka ƙidaya sojoji. Ka ga sun harbi wani?"

Daga nan na koyi gwajin da ya fi wahala. Ka tsinka ruwan jinin daki-daki, ka haɗa shi da ƙwayoyin cutar masu rai da wasu furotin na jini da ke taya antikor huda ƙwayar, ka shafa a faranti, ka kwana da addu'ar kada kuran ya ɗauke. Da safe ka ƙidaya ɗigon da suka tsiro. In jinin da aka tsinka ninki takwas ya iya kashe rabinsu, sannan ake fara maganar kariya. Na ga jinin da ya cika ido a ELISA amma ya bar faranti maƙil da ƙwayoyi.

Abin da ya fi burge ni a duk karatun nan shi ne dalilin da tsofaffin alluran sankarau ba sa daɗewa. Sukarin rigar zalla ake zubawa a cikinsu. Ƙwayoyin B na jininmu (ba ƙwayar cuta mai rigar B ba), maƙeran antikor, suna ganin sukarin su hau aiki, amma su kaɗai. Ƙwayoyin T masu taimako ba sa karanta sukari, furotin suka iya karantawa, kuma in ba su sa baki ba, maƙerin ba ya ajiye almajiran da za su tuna fuskar maƙiyi. Shekara biyu zuwa uku kariyar ta yi sanyi, yaro ƙasa da shekara biyu kuwa kusan bai amfana ba. Dabarar MenAfriVac ita ce ɗaure sukarin a jikin furotin na riga-kafin tetanos. Ƙwayar B ta haɗiye su tare, ta miƙa wa ƙwayar T guntun furotin, ita kuma ta ba ta izinin ta ƙera makami mai kyau ta kuma riƙe. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, kuma tana jure kwana huɗu a zafin digiri 40 ba firigo. Wanda ya taɓa ɗaukar akwatin ƙanƙara zuwa ƙauyukan Tawa a watan Afrilu ya san darajar kwana huɗun nan.

A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai riguna biyar, A, C, W, Y da X, a Najeriya sannan a nan Nijar. Da labarin ya iso, gidan Goggo na fara zuwa. Na zauna a tabarma na lissafa mata su da yatsu biyar, na ce akwai mai rigar B da ba ta ciki, akwai kuma wasu ƙwayoyin daban da ke sandarar da wuya. Na ce duk yaron da zazzaɓi mai zafi ya kama da ciwon kai da amai, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, a nufi likita a ranar, ko da katinsa a cike yake.

Yaron maƙwabciyar ya tashi, Allah ya yi da sauran kwana, sai dai kunnensa na hagu bai sake ji ba. Yanzu saurayi ne, yana ɗinki a kasuwa. In zan gaishe shi, ta dama nake zagayowa.