Abin da Muke Ajiyewa a Gefen Allo

Wata ranar Sha'aban ta 2012, a wani ɗakin ɗaukar shirye-shirye da ke kudancin Jidda, ina durƙushe ina ɗaure ƙafar tebur sai yaron darakta ya zo ya ce ana nemana a ɗakin na'urori. Gabana ya faɗi. Shekara takwas ina haɗa dandamali a kamfanin nan, ba a taɓa kiran kafinta can ba sai in wani abu ya karye.

Na shiga da ƙurar katako a gira. Darakta bai ce min kanzil ba, sai ya nuna wani faffaɗan allo da aka kafe a bango. Teburin mai gabatar da shirin gasa ne a ciki, wanda na gama jiya-jiya har ina yaba kaina. Na ƙirga kawunan ƙusa goma sha ɗaya. Na ga inda takarda mai zanen marmara da muka manna ta tattare a kusurwa, na ga sawun buroshi a cikin fentin azurfa, har da shatin babban yatsana inda na dafa kafin fenti ya bushe. Can ƙarshen dama kuma ga tsanina a jingine, ga fulas ɗin shayi a gindinsa, daidai inda suka saba zama tun ranar da na fara aiki.

"Duk wannan," in ji shi da Larabci, "mutane za su gani daren ɗaya ga azumi."

A Makka aka haife ni, a Shara Mansur, kuma a shagon kawuna na koyi sana'a. Kawu irin mutanen nan ne da ke goge bayan kabad da sanfefa, bayan da zai jingina da bango har kabad ɗin ya mutu. In ka ce masa ai ba mai gani, sai ya ce, "Kai ba ka gani ba?" Da na koma Jidda a 2004 sai na tarar da wata makaranta dabam. Maigidan sashenmu magana ɗaya gare shi: kyamara ba ta gani. Kada ka ɓata foti a kan ƙusa, kada ka yi fenti shafi biyu, in bango ya tsage ka liƙa takarda ka wuce. Da farko na ɗauka ha'inci ne. Daga baya na gane ilimi ne, domin mutumin ya san daidai inda idon tsohuwar kyamara ke tsayawa, ba ya kashe wa kamfani riyal guda a bayan wannan iyaka. Muna yara muna kallon Huruf na Majid Ash-Shibl a tashar Saudiyya, da allonsa na haruffa, daga baya kuma Man Sayarbah Al-Malyun da Joj Kurdahi ya fara gabatarwa a tashar MBC a 2000, muna zaton a cikin fada ake ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye. Sai da na shiga sana'ar na san cewa yawancin abin da ke ƙyalli a dandamalin gasa katako ne da fenti da fitila.

Labarin sabon hoton nan da ake kira HD mun daɗe muna jin sa daga nesa. A Amurka, shirye-shiryen gasa na Wheel of Fortune da Jeopardy! sun koma kansa tun Satumbar 2006, The Price Is Right ya bi su a 2008. Mu muna cewa harkar Turawa ce. Sai MBC ta buɗe tashoshinta na HD a 2011, ƙananan tashoshin da muke yi wa aiki suka fara neman irinsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wanda ya warware min zancen shi ne injiniyan hotonmu, dattijo ɗan Sudan, mutumin Maiwurno da ke kusa da Sinnar. In mun keɓe da Hausa muke magana. Da na fito daga ɗakin na'urori jiki a sanyaye, ya biyo ni, ya ɗauki guntun katako a ƙasa, ya zare fensirin da ke bayan kunnena.

"Ɗana, hoto ɗigo-ɗigo ne. Tsohon yana da 720 a kwance, 576 a tsaye. Sabon 1920 da 1080. Ninka min."

Na ce, "Baba, ni da ma'auni na saba."

Ya rubuta 414,720, ya rubuta 2,073,600 a ƙarƙashi. "Ninki biyar cif. Kan ƙusarka da can narkewa yake yi cikin maƙwabtansa. Yanzu ya samu gidan kansa."

Sai ya zana akwati mai faɗi. Ya ce tsohon allo huɗu ne a faɗi, uku a tsayi, sabon kuwa 16 da 9. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Kerns Powers ne ya kawo shawarar wannan awon a 1984, don a samu tsaka-tsaki tsakanin fasalin talabijin da na silima. Ya ja layi biyu a tsaye cikin akwatin, ya rubuta 1440 a tsakiya, 240 a hagu, 240 a dama.

"Waɗannan biyun gona ce da aka ƙara mana. Sai dai ban yarda ka shuka komai a cikinta ba."

Dalili kuwa, yawancin gidaje har lokacin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ce da tsohuwar risiba, kuma tashar da ta ba mu aikin yanke gefe biyun nan za ta yi kafin ta aika musu hoto. Don haka tambaya, da maki, da fuskar ɗan takara, duk dole su zauna a tsakiya. Gefe ba a sa masa abin da ake bukata, ba a kuma barin abin kunya a cikinsa. Mu kuwa gefen nan shi ne rumbunmu tun fil azal: tsani, wayoyin lantarki a naɗe, bokitin fenti, mai riƙe da kwalin tafi, har mai gyangyaɗi.

A ganina, babu shirin da wannan canji ya matsa wa kamar shirin gasa da kacici-kacici. Wasan kwaikwayo a gidan gaske ake yawan ɗaukarsa, kyamara kuma tana yawo. Mai karanta labarai mutum ɗaya ne a bayan tebur ɗaya. Amma dandamalin gasa komai nasa ƙirƙirarre ne, an haske shi tar, kuma shi ɗin dai za a kalla dare talatin a jere. Ga shi in ɗan takara ya tsaya yana tunanin amsa, kyamara ma tsayawa take yi a kansa. Mai kallon da ya riga ya san amsar ba shi da abin yi sai bin tebur da ido.

Muka rushe muka sake. Na koma aikin Kawu: a nutsar da ƙusa, a cike da foti, a goge, a shafa da tafin hannu ido a rufe, in yatsa ya ji tudu a sake gogewa. Fenti mai sheƙi, wanda da can shi ke ba mu kamar kuɗi, yanzu sai ya zama madubi, ana ganin fitilun sama da mai kyamara a jikinsa. Muka koma marar sheƙi, muka bar wa mai fitilu aikin ƙyalli.

Nan na tafka kuskuren da har yau in na tuna nake jin nauyi. Teburan 'yan takara uku ne. A tsohon tsari kafaɗa da kafaɗa muke jera su, kamar sahun salla, don su shiga hoto ɗaya. Da na ga fili ya samu, sai na ƙara tazarar santimita 40 tsakanin kowane biyu a kan abin da mai zane ya rubuta, wai don mutane su sha iska. Ban tambayi kowa ba. Maganar gona ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. A babban allo abin ya yi kyau ƙwarai, darakta ma bai ce komai ba. Ashe injiniya yana da wata 'yar tsohuwar talabijin mai inci 14 da ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa, ya hana a jefar. Ranar gwaji ya kira ni ya ce in sunkuya in duba. Ɗan takara na uku rabinsa ne a ciki, makinsa kuma in ya ci 150 abin da za a gani 1 ne da rabin 5.

Na ce a ja kyamara baya mana. Aka ja, sai fuskoki suka ƙanƙance, ƙarafunan da aka rataye fitilu a sama suka leƙo. Ba makawa sai an matsar da teburan, alhali wayoyin ƙararrawa da na maki duk ta ƙarƙashin dandamali suka bi, ta ramukan da ni na huda. Daga Isha'i har kiran asuba muna kwancewa, muna toshe tsofaffin ramuka, muna huda sababbi, cikin zafin Jidda, an kashe na'urar sanyaya ɗaki. Na sayo wa ma'aikata tsire daga aljihuna, amma mai lantarki ya ci ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Injiniya dai bai ce "ai na faɗa maka" ba. Washegari na tarar da guntun katakon nan mai layi biyu a cikin akwatin kayan aikina.

Tufafi ma sun ba mu aiki. Shimagi, jan kyallen nan mai ƙananan gidaje da maza ke yafawa a kai, in ya zo daidai wata tazara da kyamara, sai ka ga zanensa yana rawa yana fitar da wasu launuka kamar mai a kan ruwa. Sai a roƙi mutum ya zo da gutura, wato farin kyallen kai marar zane, ko a sauya nisan kyamara. Farar riga kuma ita ce babbar jarrabawa in mai ita baƙi ne irinmu. An kawo wani Hausawi ɗan Madina a rukuni na biyu, mai fitilu ya daidaita haske a kan rigar, fuskar ta nutse, ya daidaita a kan fuskar, rigar ta ƙone fat. Injiniya ya ce in shafa wa saman teburin fenti mai haske marar sheƙi. Na yi ban san dalili ba. Da aka kunna fitilu sai hasken ya daki tebur ya koma sama, ya cike ƙarƙashin ido da haɓa, mutumin ya fito da kamanninsa. Ranar na fara sanin cewa kafinta ma yana da hannu a yadda fuskar mutum ke fita.

Ba kowa ne ya tsallake ba. Akwai wani tsoho a sashenmu da ke zana labulen baya da hannu, birni da taurari da rairayi, in ka tsaya nesa sai ka rantse hoto ne. Sabuwar kyamara ta nuna saƙar yadin da sawun buroshinsa. Bayan shekara biyu aka kafa allunan lantarki a wurin, shi kuma ya koma fentin gidaje.

Kada a ce na ba Kawu gaskiya duka. Har gobe ba na goge bayan bangon dandamali, kuma in almajirina ya tsaya yin haka zan ce ya bari. Maigidanmu bai yi ƙarya ba, akwai inda kyamara ba ta gani. Iyakar ce ta gusa, mu muna nan riƙe da tsohon awo, don ba mu taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Yanzu kafin in ɗora zarto a kan katako sai na je ɗakin na'urori na ji inda kowace kyamara za ta tsaya, na dawo na shata layukan a ƙasa da tef mai launi. Ɗakin da nake tsoron shiga, a can nake shan shayin safe.

Su ma masu kallo da tasu rigimar. Mutum zai sayi faffaɗar talabijin ya bar tsohuwar risiba, sai a miƙe tsohon hoto ya cika allo, kowa ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a faɗi, mai gabatarwa ya koma kamar tulu. Na sha gyara wa maƙwabta, hoto ya dawo daidai da baƙin shafi a hagu da dama. Kafin in kai ƙofa an ce na cinye musu rabin talabijin, an mayar.

A ranar ɗaukar kashi na farko aka ga kujerun 'yan kallo na gefe, waɗanda da can ba sa shiga hoto, babu kowa a kansu. Darakta ya ce duk ma'aikacin da ke da riga mai tsabta ya zauna. Na wanke fuska, na ari gutura, aka ba ni kujerar ƙarshe a sahun gaba, hannun dama. Na duba a babban allo daga baya, ga ni nan garau ina tafi.

Na buga wa Inna waya na shaida mata. Daren ɗaya ga azumi na kama hanyar Makka, na tarar ta tara maƙwabta mata da jikoki, an sha kunu an ci sambusa, an zauna gaban talabijin ɗinta mai ƙusumbi da ta lulluɓe samanta da ɗan kyalle mai ado. Kiɗan shirin ya tashi, kyamara ta juyo kan 'yan kallo. Ga mai lantarki, ga yaron darakta, sai hoto ya ƙare.

"To, kana ina?"

Na tashi na je na ɗora yatsa a kan baƙar robar da ta kewaye gilashin, ta hannun dama. "Ina nan, Inna. Kin ga wannan farin da ke motsi a baki-baki? Gwiwar hannuna ce."

Ta gyara tabarau, ta matso, ta daɗe tana dubawa. Sai ta juya wajen maƙwabciyarta ta ce, "Shi ne. Haka yake tafi tun yana ƙarami."