Laraba, katin Auta

An yi ruwa da asuba, ban fita gona ba sai da hantsi. Gero ya kusa yanka, dawa kuwa da saura. Na dawo da wuri don na yi niyyar ɗaukar Auta a babur mu je a yi masa rajistar katin zaɓe, tunda hukumar zaɓe ta buɗe tun watan Agusta, shi kuma ya cika sha takwas.

Yaron nan ya ce ba za shi ba. Wai a bar man babur ɗin a yi wani abin da shi. Na ɗauka ƙiwa ce irin ta yara, sai na ja shi zauren Baffa don a yi masa faɗa. Ashe Baffa ne zai goya masa baya.

Ya ajiye rediyonsa ya ce, "Ƙyale shi. Ni kaina katina yana cikin akwati, kuma can zai zauna."

Na ce, "Haba Baffa, ku da kuka koya mana siyasa?"

Kun dai san Baffa. Mutumin da har yau bai yarda an taɓa yin gwamna kamar Abubakar Rimi ba, ɗan ƙasarmu ta Sumaila. Sau nawa ya ba mu labarin 1979, yadda suka dangwala wa makullin PRP, Rimi ya hau ya soke haraji da jangali, talaka ya daina ɓuya in ya hango dogari. Mahaifin Baffa ɗan NEPU ne tun zamanin da furta sunan Malam Aminu Kano a ƙauye kan jawo wa mutum ɗauri. Da PRP ta rabe gida biyu, Baffa ya bi santsi, ɓangaren su Rimi, amininsa ya tsaya a taɓo, ɓangaren Malam, suka daina gaisawa har sai da rasuwar Malam a 1983 ta haɗa su. Irin wannan mutum ne yau yake cewa kati ya zauna a akwati.

Ya ce, "Ɗan nan, a da aƙida muke bi. Yanzu ka zaɓi mutum da wata hula, ka kwana ka tashi ya canja ta, bai zo ya tambaye ka ba. In ƙuri'ata za a ɗauka a kai inda ban aika ta ba, gara in riƙe abata."

Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na dai ce masa zaman gida ba ya hukunta kowa. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 27 cikin ɗari ba. An fasa rantsar da wani saboda haka? Ba a fasa ba. Na tuna masa yadda rumfarmu ta firamare ta kasance ranar: ga wahalar canjin kuɗi, mutane ba su da ko na mota, 'yan cirani da yawa ba su dawo gida ba. Kafin la'asar layin maza ya watse, mata ne suka dage da goyo a baya. Kuma idan masu fita suka yi kaɗan, mai rabon taliya da atamfa da sabulu ne ke cin riba, don mutanen da zai saya ba su da yawa.

Baffa ya ce, "To ai ka faɗa da bakinka. Kasuwa ce. Ni kuwa ba haja ba ne."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni tun azahar. Garin nan ba a rasa zancen siyasa. Je ka teburin mai shayi bayan isha'i ka ji: 'yan jar hula a benci guda, 'yan tsintsiya a ɗaya, ga ragowar 'yan lema, ana ta musu har a kusa ba hammata iska. Kowa ya san wanda ya sauya sheƙa jiya a Abuja. Mutanen yankin nan ba sa jin tsoron juya wa mai mulki baya, an gani a 2023 da kujerar gwamna da ta sanatan Kano ta Kudu suka koma NNPP. Amma cikin masu ɗaga jijiyar wuya a bencin nan, na san waɗanda ko katin ba su karɓo ba. Su ban damu da su sosai ba. Na Baffa ne ya yi mini ciwo, don shi ya san abin da ƙuri'a ta taɓa yi wa gidanmu, kuma Auta shi yake saurare, ba ni ba.

Na shiga cikin gida raina a ɓace, na tarar Gwaggo ta ji komai ta bayan zana. Ta ce ita ba ta manta ba, sai a shekarun 1970 aka bar matan Arewa suka fara zaɓe, uwarta ta tsufa ana cewa ba ta da baki a ciki. Ta ce, "Malam Aminu ne ya yi mana wannan faɗan. Ko da sanda ne sai na je." Ta kira Auta, ta ce masa ranar Litinin zai raka ta, tana so a duba nata katin don rubutun ya goge, in sun je kuma ba zai dawo hannu rabbana ba. Bai ce mata uffan ba. Baffa ma da maganar ta kai masa, cewa kawai ya yi ita ta sani.

Da magariba mai taki ya aiko a biya shi ragowar kuɗinsa. Tayar baya ta babur ta fara sacewa, sai na kai wa mai faci gobe kafin in wuce gona.